Da Muryata Yake Ɗaure Tsirkiya

Ni a gungu anka haife ni, tsakiyar kogin Kuwara, inda in ka tsaya ƙofar ɗakin Inna ruwa ne gabas, ruwa ne yamma. Gungun nan yau babu shi. Shekarar da anka datse kogi, ruwa ya taso a hankali ya ci gonakin albasa, ya ci kushewar kakannina, sai anka kwashe mu a manyan jirage anka kai mu tudu, anka ba mu ɗakunan siminti masu zafi kamar tanda. Ban fito da komi daga can ba sai tabarma da tukunya guda, sai kuma kiran jirgi.

Kiran jirgi kuwa ga yadda yake. In mace tana bakin gaɓa tana son a ƙetare da ita, ba ta ihu kamar wadda wuta ta kama. Takan kai tafin hannu gefen baki, ta fara daga ƙasa, ta hau tsakiya, ta hau sama, ta riƙe na saman nan har ya kwanta bisa ruwa ya tafi. Hawa uku ne. Kowace 'yar gungu ta iya shi tun kafin ta iya daka. Wanga kira shi ya haɗa ni da mijina, shi kuma ya ci mu, ni da shi, ba mu sani ba.

Mijina maƙerin gwangwani ne a kasuwar Yelwa. Fitilar aci-bal-bal yake yi, da mazurari, yana liƙin bokiti da garwa, tun safe guduma na bugu a gefen kunnensa. Tun yana saurayi ya yi abota da wani baƙo, mutumin bakin teku mai gyaran injin manyan jirage, daga cikin waɗanda aikin datse kogi ya kawo. Ranar da baƙon zai koma ƙasarsu ya kawo masa jita, ya ce zafin ƙasarmu ya lanƙwasa mata wuya, ba ta dannuwa, ya yanka ta ya yi fitilu da ita.

Jitar nan ba irin ta katako ba ce da kuke gani yanzu. Jikinta duka ƙarfe ne, fari fat kamar sabuwar tasa. A gabanta akwai murfi mai huda-huda kamar rariya. Ƙarƙashin murfin akwai kwano a kife, siriri kamar ɓawon albasa, in ka hura masa iska ma sai ya motsa. Bisa kwanon nan jaki yake zaune, wato ɗan itacen da tsirkiyoyi shida ke hawa. Tsirkiya ta danne jaki, jaki ya danne kwano, kwano ya yi kuka. Haka ya sha gaya mini har na haddace.

Ya ɗora ta a cinya ke nan zai kwance ta, sai bayan wuƙarsa ya zame bisa tsirkiyoyin. Ya ce wani sauti ya fito kamar mace na kuka a ƙetaren ruwa. Ya ajiye wuƙar, ya fasa yanka. Tunda tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, yatsa ba ya iya danne su, sai ya bar ta kwance a cinya kamar jaririn da za a yi wa wanka, ya sami 'yar kwalbar turare mai santsi ya riƙe a hagu yana zamewa da ita, ya yanko gwangwanin madara ya yi wa yatsun damansa farata. Abu guda ya hana shi sakat. In ya shimfiɗa kwalbar bisa tsirkiyoyin duka, kowace da inda ta nufa, sai hayaniya kamar ranar kasuwa. Ya murɗa kunnuwan jitar, ya murɗa, ya kasa gane inda zai tsaya.

Ana nan ana nan, wata la'asar na kawo wa Inna kifi kasuwa, na sauka bakin ruwa ina neman jirgin da zai mai da ni. Na yi kira. Ina sauke hannu sai ga mutum a bayana, duk jikinsa baƙin gawayi.

Ya ce, "Yarinya, sake."

Na ce, "In sake me?"

"Abin da kika yi wa mai jirgi."

"Kai jirgi ne?"

Ya ce, "Don Allah tsaya nan, kada ki motsa." Ya ruga da gudu, wandonsa na kaɗawa, ya dawo rungume da ƙarfen nan. Jirgina ya zo ya tafi ya bar ni. Ya zauna a turɓaya ya ce in ba shi hawan ƙasa, na ba shi, ya murɗa kunne har tsirkiya mai kauri ta hau muryata. Na ba shi na tsakiya, na ba shi na sama. Sauran ukun siraran ya mai da su 'ya'yan waɗancan, kowace tana maimaita uwarta daga sama. Da ya gama ya zuba farce bisa shidan gaba ɗaya, sai sunka yi magana da baki guda. Masunta da ke ɗinkin koma can gefe sunka ɗago kai.

Inna ta ce ba ta ba makaɗi 'yarta. Na ce, "Maƙeri ne, Inna, kiɗan na la'asar ne kawai." Da rani anka ɗaura mana aure.

To tsirkiyar ƙarfe ba ta zama inda anka bar ta. Zafin rana ya sassauta ta, raɓar damina ta juya ta, in ta tsinke kuma wayar birkin keke yake warwarewa ya ɗaura sabuwa. Don haka kullum sai an sake ɗauri. Shi kuwa bai taɓa riƙe hawan nan a kansa ba, bai ga dalilin riƙewa ba tunda ina cikin gida. In ya taso daga maƙera ya yi la'asar, sai ya ɗauko jitar ya ce, "'Yar Gungu, ba ni murya." Ina daka in ba shi. Da goyo a baya in ba shi. Ko faɗa munka yi ba na hana shi, sai dai in juya masa ƙeya in ba shi, shi kuma ya ce, "Yau muryar da barkono, amma ta yi."

Da kun ga hannun mutumin nan a wancan zamani. Kwalbarsa ba ta tsalle ta faɗa kan sauti. Daga ƙasa take lallaɓowa ta iso shi, in ta iso sai ya girgiza ta kaɗan-kaɗan, sautin ya riƙa rawa kamar hasken rana a kan ruwa. Ƙaramin yatsansa na biye da kwalbar a baya yana shafa tsirkiya, don kada wani ɓarawon sauti ya biyo. Babban yatsan dama yana tafiya bisa masu kauri, tim, tim, kamar filafili, sauran yatsu biyun suna hira da siraran. In yana son ta yi raɗa sai ya kwantar da gefen tafinsa kusa da jaki. Kiɗa iri biyu yake da shi. Ɗaya yana ce masa tafiyar jirgi, mai sa ƙafa motsi. Ɗayan bai sa masa suna ba, shi ne wanda in ya fara tsofaffin gungu ke sunkuyar da kai. Bai yi wa kowa kirari ba, bai roƙi kowa ba. Bakin ruwa yake zama ƙarƙashin wata giginya, Sarkawa masunta su zo, matan Fulani su sauke ƙoren nono, Kambari masu albasa su tsai da jakunansu. Sautin ƙarfen nan kuwa yana ƙetare ruwa har waɗanda ke cikin jirgi su ji.

Ni kuma na kama sana'ar banda. Shekarun farko na tafkin da datse kogi ya haifar, kifi ya yi yawa har ana rasa inda za a sa shi. Na gina murhun banda a bayan gida, ina tsaye a kan hayaƙi tun hantsi har rana ta karkata, ina juya kifi, ina tari, ina share hawaye da bakin zane. Da shi munka ciyar da yara, da shi munka aurar da su. Na haihu, na yaye, na binne waɗanda Allah ya karɓa. Kullum la'asar kuma, "'Yar Gungu, ba ni murya," in ba shi.

Ban iya cewa ga ranar da abin ya soma ba. A hankali ya zo, kamar yadda ruwa ya zo wa gungunmu. Sautin ya daina ƙetare ruwa. Daga baya ya daina kai wa ƙarshen taro. Wani zizar-zizar ya shiga cikinsa kamar ƙuda a cikin gwangwani. Kwalbar da a da take yawo bisa tsirkiya kamar ba ta taɓa ta, yanzu in ya ɗora ta sai tsirkiyar ta nutse, kwalbar ta bugi wuyan jitar, ƙwas, ƙwas.

Yana da wani abokin wasa Basarke, tsohon masunci mai baki kamar reza. Shi ya fara faɗa.

"Maƙeri, amaryar taka mura take yi ne?"

"Kunnenka ne ya cika da ruwa, ɗan kifi."

"To kai mata zuma da citta. Ko kuwa kai ne za a kai wa?"

Anka yi dariya, shi ma ya yi. Amma da ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Babu abin da bai gwada ba. Ya sake kwalba, ya sake wata. Ya goge faratan ya yi sababbi. Ya ce wayar birkin yanzu ba ta da kyau, ya aika Kontagora anka sayo masa wata. Ya kwance murfin ya share kwanon da gashin kaza. Duk a banza. Daga nan ya juya kan kansa. Ya ce hannunsa na hagu ne ya yi nauyi, shi ke danne kwalbar. Na shafa masa man kaɗanya, na gasa masa da tsumma mai ɗumi. Ya sha rubutu, ya sha saiwa, wanzami ya yi masa ƙaho a kafaɗa. Yakan miƙa hannun a gabansa ya zuba masa ido, ya ce, "Kin gani? Rawa yake." Ni ban ga rawa ba, amma tunda shi mai hannun ya faɗa, sai in ce Allah ya sawwaƙe.

Ga kuma kunne. Gudumar shekara da shekaru ta cinye masa ji. Ya kai in zai ɗaure tsirkiya sai na zauna gabansa na ba shi baya, ya manna kunnensa tsakanin kafaɗuna, in yi kiran, ya ji shi ta ƙashi, sannan ya manna kunnen a jikin ƙarfen ya murɗa. Haka muke yi, tsofaffi biyu a tsakar gida, jikoki na leƙe suna ƙunshe dariya.

Ƙarshen abin a wani biki ne wajen Shanga. Ɗan wani tsohon abokinsa ke aure, uban ya nace sai ya zo ya yi kiɗan nan na da. Ya sa babbar rigarsa ya tafi. Ban je ba, wata mata da ta je ce ta ba ni labari. Ta ce ya zauna ya fara, mutane sunka matso don ba su ji, sunka ƙara matsowa, sai wani matashi ya ce, "Baba, an fara ne ko ana gyara?" Can sai anka kunna lasifika a bayansa. Shi bai ma ji an kunna ba, yana ta zamewa da kwalba, kansa a sunkuye, har uban ango ya zo ya dafa shi.

Da ya dawo ya sa jitar a buhun shinkafa, ya ɗaure bakin, ya rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ya ce, "Hannun ya mutu, 'Yar Gungu. Ya riga ni." Daga ranar bai sake cewa in ba shi murya ba.

Mutum yakan mutu da sauran numfashinsa, na gani da idona. Ya daina zuwa gindin giginya. Ya bar maƙera ga yaransa. In ya yi la'asar sai ya zauna a zaure, hannun hagun nan ajiye a cinya kamar kayan aro. Basarken ya zo ya tsokane shi, ya gaji da tsokana ba amsa, shi ma ya daina zuwa, daga baya ma ya rasu. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, buhu na rataye, zanzaro ya yi gini a bakinsa. Ni kuwa la'asar ta zame mini lokacin da ban san inda zan sa kaina ba. Kifi ma ya ja baya a tafkin, murhun banda ya rushe ban gyara ba.

Kwanci tashi, surukar autata ta rasu a wani ƙauye kusa da Warra, inda autar ke aure. Na tafi gaisuwa. Ranar da zan dawo autar ta rako ni bakin ruwa. Yanzu ai ba a kiran jirgi, injin ba ya barin mai tuƙi ya ji, lamba ake bugawa a wayar hannu. To ranar babu jirgin inji, sai wani masunci can nesa a ƙaramin kwalekwale. Auta ta yi dariya ta ce, "Inna, bari in yi masa irin naku na mutanen da." Ta kai tafi gefen baki ta yi kira.

Na zauna a kan yashi.

Muryata ce. Muryar yarinyar nan ce da ta kawo kifi kasuwar Yelwa, siririya, mai tashi sama kamar shirwa. Na ce, "Auta, sake." Ta sake. Na buɗe baki in bi ta, sai na ji nawa hawan saman ko na tsakiyarta bai kai ba. Na yi ƙoƙari in ɗaga, maƙogwaro ya ƙi, sai tari. Ni a kunnena duk shekarun nan kira ɗaya nake yi. Ashe hayaƙin banda da haihuwa da tsufa suna ta jan muryar ƙasa, kaɗan yau, kaɗan gobe, shi kuma yana bin ta da kunnuwan jita, yana sassauta tsirkiya, yana sassautawa, har ta daina danne jaki, jaki ya daina danne kwano. Abin da ya sha gaya mini na haddace, ga shi a gabana, ban taɓa haɗa shi da kaina ba. Shi ma bai haɗa ba. Ya zargi kwalba, ya zargi waya, ya zargi hannunsa har ya binne shi da rai, amma bai taɓa zargin muryar matarsa ba.

Auta ta ce, "Inna, lafiya? Jiri ne?"

Na ce, "Koma ki gaya wa mijinki, yau da ke zan tafi Yelwa."

Mun same shi a zaure. Sai da na kai baki kunnensa na ɗaga murya sannan ya gane abin da nake faɗi.

Ya ce, "Ƙarya ne."

Na ce, "Maigida, na ji da kunnena."

"Muryarki ba ta sake ba. Ni na san muryarki."

"Ta sake. Hannunka lafiyarsa lau."

Ya dubi hannun. Ya dube ni. Ya ce, "To shekarun nan da na zauna fa? Wa zai maido mini su?" Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Auta ta ce, "Inna, da kin bar shi da abin da ya sani." Wataƙila ita ke da gaskiya. Har yau ina juya wagga magana.

Ya yi kwanaki ba ya kallon inda buhun yake. Auta har ta fara haɗa kayanta. Sai wata safiya na ji yana ce wa babban ɗanmu ya samo masa wayar birki, mai kauri da siririya. Ya sauke buhun da kansa, ya kakkaɓe gidan zanzaro. Ƙarfen ya yi dishi-dishi, tsoffin tsirkiyoyin duk tsatsa ta cinye. Ya wuni yana warware waya yana gogewa da toka, ya ɗaura shidan, ya laluba aljihun tsohuwar rigarsa ya fito da kwalbar da faratan. Ashe bai taɓa yar da su ba.

Bayan la'asar munka zauna a tsakar gida. Ya ce wa Auta, "Ke, zo ki yi abin uwarki." Ya manna kunne a bayanta, ta yi kira, ya girgiza kai. Muryar ta yi masa sama, kunnen ba ya kamo ta ko ta ƙashi. Sai ya ce da ni, "Ke za ki ji mini. Ni in murɗa, in ta kai ki taɓa gwiwata."

Haka munka yi. Auta ta riƙe hawan ƙasa, shi yana murɗawa yana bugawa, ni ina saurare. Ya kai inda ya saba tsayawa, ya tsaya, ya dube ni. Na girgiza kai. Ya ƙara. Na girgiza kai. Ya ce, "Za ta tsinke fa." Na ce ƙara. Jitar tana ƙara tana ɗan kuka a cikinta kamar jirgin da anka yi wa lodi. Can tsirkiyar ta hau muryar Auta ta zauna daram, na taɓa gwiwarsa. Munka bi sauran ɗaya bayan ɗaya har shidan.

Ya sa faratan. Ya zuba su bisa tsirkiyoyin.

Wayyo Allah. Kajin gidan sunka watse. Sautin ya bugi katanga ya haura, tas, mai haske, babu ƙuda babu zizar-zizar. Ya ɗora kwalba, ta tsaya bisa tsirkiya ba ta nutse ba. Ya lallaɓo daga ƙasa, ya iso, ya girgiza. Ƙaramin yatsan nan ya bi bayan kwalbar da kansa kamar jiya ya bari. Ya shiga tafiyar jirgi, babban yatsa na tuƙi, tim, tim. Na ga matan maƙwabta a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Wani tsoho mai wucewa ya yi sallama a zaure yana tambaya ko maƙeri ne ya tashi. Shi bai ji ko ɗaya ba. Idonsa a rufe, ya ce da ƙarfi irin na kurame, "Ina jin ta a cinya! 'Yar Gungu, tana motsi a cinyata!"

Daga nan ya juya zuwa ɗayan kiɗan, wanda ba shi da suna. Bai yi nisa ba. Sai munka ji ɓas, kamar an taka gwangwanin madara. Tsirkiyoyin shida sunka faɗa bisa wuya gaba ɗaya. Ya ja kwalbar sau ɗaya a kan shiru, sannan ya tsaya, ya buɗe ido.

Ya nemi abin kwance noti, ya cire murfin. Kwanon ya lotsa, ya tsage kewaye da jaki. Raɓar daminun da ya yi a buhu ta ci shi, duk ya yi farin gari kamar kanwa, nauyin da ya ɗauka yana sabo yanzu ya fi ƙarfinsa. Ya ɗago shi, gefe guda ya marmashe a yatsunsa.

Auta ta fashe da kuka. Ta ce, "Baba, ai kai maƙeri ne, sai ka ƙera wani." Ya ga bakinta na motsi, ya gane. Ya ce tun yana da ƙarfi da ido ya gwada, ya bugi tasa, ya bugi murfin tukunya, bai taɓa samun wanda ya kai sirantar wannan ba, guduma ba ta yin irinsa. Ɗanmu ya yi cigiya a Yelwa, ya sa an tambaya har Kaduna wajen masu kayan kiɗa. Waɗansu ma ba su taɓa ganin jita mai kwano a ciki ba.

A ranar dai, da mutane sunka watse, ya zauna da kwanon a hannu har inuwa ta rufe tsakar gida. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Ashe kana nan." Da hannun yake, ba da ni ba. Na jira ya ce mini wani abu, ko zagi ne, ko ya ce hayaƙinki ya cuce mu. Da ya faɗa da na sami abin riƙewa. Bai faɗa ba, har ya bar duniya bai faɗa ba.

Ya mai da ƙarfen buhu, ya rataye. Washegari Auta ta koma Warra. Da la'asar ta yi ina tsince shinkafa, sai na ji daga bayana, "'Yar Gungu, ba ni murya." Na waiga. Babu komi a cinyarsa. Na ce, "Ka ɗaure me da ita?" Bai ji ba, ko kuwa ya ji ya ƙyale. Na ajiye faifan na je na zauna gabansa na ba shi baya. Ya manna kunne. Na yi kiran da wagga murya tawa ta hayaƙi, ƙasa, tsakiya, da abin da ya rage na sama. Yatsunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa. Haka munka riƙa yi kullum har ruwan farko ya sauka, ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Buhun yana nan bayan ƙofa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun taya, na ce su wuce. Jikokina ba wanda ya san ɗaurin nan, Auta kuma tana da hawa ukun a maƙogwaro amma ba ta da abin da za ta ɗaura su a kai, ga shi ita ma banda take yi yanzu, na ji tarin ya soma kama ta. Wani lokaci in la'asar ta yi ina zaune ni kaɗai, sai in ji tsakanin kafaɗuna ya yi sanyi, daidai wurin da kunnensa ke zama. Nakan buɗe baki in gwada. Hawan ƙasa ne kawai ke fita.